Yadda ake yi wa kantar murhu ado don bukukuwan hunturu a ƙasar Turawa

Wanda ya kama haya a tsofaffin gidajen jan bulo na Manchesta, Bamingam ko gabashin Landan, da wuya ya rasa murhu a falonsa. Da yawa daga gidajen nan an gina su ne a zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, lokacin da kwal ne ke ɗumama ɗakuna. A saman bakin murhun akwai wata kanta ta katako, ko ta dutse, ko ta ƙarfe, kuma a gidajen mutanenmu da dama aikinta bai wuce ɗaukar makullai, rimot da takardun kuɗin wuta ba. Haka ake samun ta a gidaje da yawa na Amurka da Kanada.

Da Disamba ta kama, rana kan faɗi a Landan tun kafin ƙarfe huɗu na yamma. Yara suna hutu, kowa yana ƙunshe a falo, kuma duk wanda ya zauna, a kan murhun nan idonsa ke sauka, don shi ne a tsakiyar bango. Shi ya sa Turawa suke kashe wa kantar lokaci. Mai bikin Kirsimeti zai yi mata ado don bikinsa. Wanda ba ya yi, babu abin da ya hana shi gyara wurin da ganye da fitilu don falo ya yi armashi a watannin duhu. Ga kuma azumi yana ta gangarowa cikin hunturun ƙasashen nan: bisa lissafi, a 2030 sau biyu Ramadan zai kama, a farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Tsarin aikin ɗaya ne, kayan da za a ɗora ne kawai ke bambanta.

Uwargida, kafin ki sayi ko ƙwaya ɗaya ta kayan ado, wuta ce za ta faɗa miki abin da zai hau kantar nan. Hotunan da kike gani a Instagram, ganye ya zubo har ƙasa, safa na reto a bakin harshen wuta, an shirya su ne don a ɗauka a sauke. Gidan da ake kwana a cikinsa ba ya ɗaukar wannan.

Mataki na farko: san irin murhun da kike da shi

Iri huɗu ne za ki tarar. Akwai wanda aka toshe, ba a hura komai a cikinsa. Waɗannan suna da yawa a Ingila, domin bayan baƙin hayaƙin da ya lulluɓe Landan a Disamban 1952 ya kashe dubban mutane, an yi dokar tsabtace iska a 1956, jama'a suka yi ta barin kwal suna komawa gas da lantarki. Idan naki irin wannan ne, kin huta, kusan duk abin da kike so za ki iya ɗorawa. Abu ɗaya kawai: sau da yawa akan bar wata ƙaramar kafa mai raga a inda aka toshe, don iska ta riƙa ratsa bututun hayaƙin. Kada ki rufe ta da ado, bango zai fara tsatsafo da danshi. Kuma kada sha'awa ta ja ki ki hura wuta a murhun da ba ki san halin bututunsa ba. Tambayi mai gidan haya tukuna, wasu ma sun rubuta hani a takardar yarjejeniya.

Sai na lantarki, wanda harshen wutarsa hoto ne kawai, amma yana da kafar da yake feso zafi. Nemo kafar nan, ki tabbata babu abin da zai sauko gabanta. Yawancinsu ana iya kunna hasken ba tare da zafin ba. Sai na gas. Sai kuma na itace, ko dai mai buɗaɗɗen baki ko akwatin ƙarfe mai ƙofar gilashi. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne masu buƙatar a nutsu.

Ga gwajin da za ki yi. Ki kunna wutar yadda kuka saba, ki aza guntun kyandir maras wuta a tsakiyar kantar, wani kuma a gefe, ki bar su awa biyu. Sannan ki taɓa saman kantar, ki taɓa ƙasanta, ki taɓa goshinta na gaba. Idan kyandir ɗin ya yi laushi, ko hannunki bai iya daɗewa a wurin ba, to wannan ɓangaren ba na ganye ba ne, ba na roba ba ne, ba na batir ba ne. Na ƙarfe ne da tangaran da gilashi mai kauri. Sau da yawa za ki ga tsakiya ya ɗau zafi amma gefe biyu da sauƙi, kin ga tsarin adonki ya fito da kansa ke nan.

Ƙungiyar kiyaye gobara ta Amurka, NFPA, tana ba da shawarar a nisanta duk abin da wuta za ta iya ci da abin ɗumama ɗaki da aƙalla ƙafa uku, wato kusan mita ɗaya. Kantar murhu da wuya ta kai wannan nisan daga bakin wuta, saboda haka a murhun da ake hurawa, duk abin da aka ɗora ya tsaya a sama, ya ja baya zuwa jikin bango. Kada komai ya leƙo ƙasa.

Kafin lokacin ya kama kuma, a kira mai share bututun hayaƙi, aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan na gas ne a Birtaniya, ma'aikacin da ke da rajistar Gas Safe, wato rajistar masu izinin aikin gas, shi ne kaɗai doka ta yarda ya taɓa shi. Ki duba kuma ko akwai ƙararrawar iskar kabon monoksaid a ɗakin. Ita ce iskar da ke cikin hayaƙin janareta da na gawayi, wadda muke jin ta hallaka iyali a rufaffen ɗaki a gida, ba ta da wari ba ta da launi. A Ingila, tun 1 ga Oktoban 2022 wajibi ne mai gidan haya ya sa wannan ƙararrawa a duk ɗakin zama da ke da murhun itace ko na gas. Idan babu, ki nema, haƙƙinki ne.

Mataki na biyu: kwashe, goge, auna

Ki sauke komai, har agogo. Katako a goge shi da tsumma mai ɗan laima a busar. Idan farin dutsen mabul ne, kada ki kusanto shi da ruwan tsami ko lemon tsami, suna cin fuskarsa su bar tabon da ba ya fita. Ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke sun isa.

Sai ki ɗauko tef ɗin awo ki rubuta abu uku a waya: tsawon kantar, faɗinta daga bango zuwa goshi, da tsayin da ke tsakaninta da silin ko talabijin. Faɗin nan shi mutane ke mantawa. Kanta da yawa ba ta wuce santimita 15 zuwa 20 ba, sai a sayo fitila mai faɗin gindi a dawo gida a ga rabinta a iska.

Mataki na uku: zaɓi launi, tara kaya

Kore ya riga ya samu wuri, tunda ganye ne ginshiƙin adon. Ki ƙara launi biyu, ki tsaya. Ja da ruwan zinariya shi ne na gargajiyar Kirsimeti. Fari da ruwan azurfa yana dacewa da falo mai fenti mai haske. A ganina wanda ya fi kwanciya a ido shi ne ruwan lemo da ruwan ƙasa da tagulla, kuma shi ya fi karɓar kayanmu na gida. Ki dubi labulenki da kujerunki kafin ki yanke, don kantar ba ita kaɗai ce a ɗakin ba.

Kada ki fara da kanti, ki fara da akwatunanki. Faifan da aka sako miki a kaya, ƙaramar ƙwarya mai zane, butar tagulla ta Bida, kaskon turare, ɗan yankin saƙi, duk sun fi ƙwallayen roba da kowane gida a layinku yake da irinsu. Abin da ya rage ki leƙa shagunan sadaka da ke kan kusan kowane babban titi a Birtaniya, nan ake samun mazaunin kyandir na tagulla da kwalaben fure a kuɗi kaɗan. Abin da za ki saya sabo bai da yawa: ganye, siririyar waya koriya ta masu haɗa furanni, igiya, almakashin lambu, fitilu, da maƙalai masu gam irin na Command.

Mataki na huɗu: abin da zai tsaya a tsakiya

Abu ɗaya babba ake fara kafawa, sauran su bi shi. Madubi ne aka fi sawa, kuma da dalili, yana ninka hasken fitilu a ɗakin da rana ba ta shiga. Hoto ma ya yi, ko zoben ganye, ko babban faifai, ko faifai uku da aka haɗa suna hawa kan juna. Faɗinsa ya kai kamar kashi biyu cikin uku na tsawon kantar. Wanda bai kai rabi ba sai ya zama kamar an manta da shi ne a wurin.

Idan jingina shi za ki yi maimakon ratayewa, ki ɗaure bayansa da bango da maƙali da igiya, don rufe ƙofa da ƙarfi kawai na iya zamo da shi. Mai son sa allon ayoyi a wurin ta tuna cewa murhun itace yana tura hayaƙi sama, a hankali yana dusar da duk abin da ke bisansa. A kan murhun da aka toshe babu wannan damuwa.

Idan kuwa talabijin ce a wurin, ita ce tsakiyar, ko kin so ko kin ƙi. Ki yi ado gajere a ƙarƙashinta, dogayen kaya su koma can gefe, kada ki tare idon da rimot ke magana da shi. Maigida ba zai yafe ba ranar da ake ƙwallo.

Mataki na biyar: igiyar ganye

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake gane kantar da aka zauna aka yi da wadda aka watsa wa kaya.

Za ki iya sayen ta roba. An fi sayar da ita a tsawon santimita 180 da 270. A ce kantarki santimita 140 ce, murhun kuma a toshe yake, kina so ganyen ya zubo santimita 40 ta kowane gefe: 140 da 80 sun ba da 220, ki ƙara kamar 30 na lanƙwasa, kin ga ta 270 za ki ɗauka. Idan ana hura wuta, ta 180 ta isa, ki naɗe bakinta biyu su koma baya. Ta roba tana fitowa daga kwali a matse, saboda haka ki zauna ki buɗe rassanta ɗaya bayan ɗaya, wani sama, wani gaba, wani gefe. Minti ashirin ɗin nan shi ne bambancin mai arha da mai tsada. Dabara mai kyau ita ce a yi gindi da ta roba, a tsattsofa ɗanyen ganye a cikinta, wanda ya bushe a zare a sa sabo.

Idan ɗanya za ki haɗa da hannunki, je wurin masu sayar da bishiyar Kirsimeti. Suna sare rassan ƙasa don gindin ya shiga mazauni, kuma sau da yawa sukan bayar da su a arha ko kyauta. Nemi irin da ake kira Nordmann, shi ne mai riƙe ganyensa. Wanda ake kira na Nowe ya fi ƙamshi, amma da ya ji ɗumi sai ya fara zuba, ki wuni kina shara. Ki haɗa da ganyen bishiyar turare, wadda wasu ke kira zaiti, masu furanni suna sayar da shi. Shi ko ya bushe yana riƙe kyansa. Kada dai ki ɗauki almakashi ki nufi lambun gwamnati, wurare da yawa sun hana yankan reshe.

Da kin kawo rassan, ki sake yanke gindinsu a karkace, ki tsoma su a bokitin ruwa su kwana a wuri mai sanyi. Washegari ki shimfiɗa tsohon zani a ƙasa, ki yayyanka su gutsi-gutsi, kowane kamar santimita 15 zuwa 20, ki tsige ganyen da ke gindin kowane. Ki yanki igiya daidai tsawon da kika lissafa, ki ƙulla bakin wayar a ƙarshenta.

Yanzu ki haɗa gutsure uku ko huɗu su zama ƙaramin dami, ki kwantar a bakin igiyar, kan ganyen yana kallon waje. Ki naɗa waya a gindinsa sau uku, ki ja sosai, domin reshe yana ramewa idan ya bushe, abin da kika ɗaure sako-sako zai zube bayan mako guda. Kada ki yanke wayar. Ki ɗora dami na biyu ya rufe gindin na farko, ki ɗan karkata shi hagu, ki naɗa. Na uku ya karkata dama. Haka za ki yi ta tafiya har tsakiyar igiyar, sannan ki tsaya ki ƙulle. Sai ki koma ɗaya bakin ki faro daga can, ki sake tahowa tsakiya. Amfanin wannan shi ne ganyen zai kalli waje ta gefe biyu. Idan kika yi ta tafiya hanya ɗaya daga farko har ƙarshe, gefe guda zai ƙare da tsiraran itatuwa. Inda suka haɗu a tsakiya ki rufe da ɗan dami gajere ko busasshen lemo. Ƙaron da zai manne miki a hannu ba ya jin sabulu, ki murza man girki tukuna sannan ki wanke.

Kafin ki ɗora, ki shimfiɗa siririn ƙyalle mai duhu a kan kantar, saboda ƙaro da danshi suna ɓata fenti da mabul, kuma kuɗin ajiyarki na hannun mai gida ne zai biya. Don haka ma ba a buga ƙusa. Ki goge wurin da za ki manna maƙalan da sifirit, ki danna kowane na daƙiƙa 30, ki ba shi awa ɗaya kafin ki ɗora masa nauyi. A saman kantar za ki manna su, can kusa da bango, bakin ƙugiyar yana kallon bango, ɗaya a kowane ƙarshe, biyu ko uku a tsakani. Ta haka nauyin ganyen yana jan ƙugiyar ne a kwance, kuma ba a ganin ta. Gam ɗinsu ba ya jure zafin da ya wuce digiri 40 a ma'aunin Selsiyos, saboda haka kada ki sa su inda gwajin kyandir ya nuna miki zafi. Sai ki ɗaure igiyar ganyen da kowace ƙugiya da guntuwar waya.

Ba dole ne gefe biyu su yi daidai ba. A ƙaramar kanta ma ya fi kyau ganyen ya taru ya yi kauri a gefe ɗaya, ya tafi yana sirancewa zuwa ɗayan. Wannan tsarin yana kuma taimakon mai murhun itace, tunda tsakiya mai zafi zai samu ganye kaɗan ko ya zauna babu.

Mataki na shida: haske

Fitilu suna shiga ne bayan ganye, kafin sauran kaya. Nemi ƙananan fitilun LED masu siririyar wayar tagulla, masu haske ruwan ɗorawa. A jikin kwali za ki ga an rubuta 2700K ko kusa da haka. Masu fari fat suna mayar da falo kamar ɗakin jiran asibiti, masu walƙiya kala-kala kuma suna gajiyar da ido a daren da ya kai awa goma sha shida. Ƙwai 50 zuwa 100 sun ishi kanta ɗaya. Ki kunna su tukuna sannan ki fara sakawa, don ki riƙa ganin inda ya yi duhu. Ki tura wasu can cikin ganyen, wasu a waje.

Na batir sun fi sauƙi, babu wayar da za ta ratsa gaban murhu. Da yawansu suna da saitin da ke kunna su awa 6 ya kashe awa 18, kuma daga lokacin da kika fara kunnawa yake ƙirgawa. Ki kunna da ƙarfe huɗu na yamma a ranar farko, kullum za su kama a lokacin su mutu da goma na dare. Akwatin batir ɗin ki ɓoye shi a gefen da ba ya zafi. Idan masu shiga soket ne, ki duba alamar ingancin kayan lantarki a jikinsu: CE ko UKCA a Birtaniya, UL a Amurka. Kuma kada a kawo miki tsarabar fitilu daga Amurka ki cusa a soket ɗin Ingila: can wutarsu bolt 120 ce, nan 230.

Kyandir na gaske yana da kyau, amma NFPA ta nuna cewa a Disamba ne gobarar kyandir ta fi yawa, kuma shawararta ita ce a bar santimita 30 tsakaninsa da duk abin da zai iya kamawa. A kantar da faɗinta bai wuce tafin hannu da yatsu ba, ga ganye kwance, babu inda za a samo wannan tazara. Ki sa na batir a kan kantar, na gaske ya koma tebur cikin gilashi, inda ido ke kansa.

Mataki na bakwai: jera kaya

Duk wadda ta taɓa tsayawa a jeren ɗakin amarya ta san wannan ilimin: manya a baya, matsakaita a gabansu, ƙanana a gaba, kuma ba a jera abu biyu masu tsayi ɗaya kafaɗa da kafaɗa. Ki fara da dogaye a gefen madubin, misali mazaunin kyandir biyu masu tsayi daban-daban a hagu, doguwar kwalba mai busassun rassa a dama. Nauyin gefe biyun ya yi kusa a ido, amma ba sai sun zama tagwaye ba. Abin da ya gaza tsayi ki ɗora shi a kan littafi biyu, ganye zai rufe su. Dogon abu ya ɗan shiga gaban gefen madubin, kada ya tsaya can nesa shi kaɗai.

Ƙananan kaya ki tara su uku-uku ko biyar-biyar, a wuri biyu ko uku, maimakon ki baza su ɗaya-ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ƙwarya cike da ƙwallaye masu sheƙi ta fi ƙwallaye goma a warwatse. Mai Kirsimeti a nan za ta sa 'yan gumakan labarin haihuwar Yesu ko tauraro. Mai shirin azumi ta sa fitilun fanus irin na Masar da jinjirin wata.

Sai ki ja da baya zuwa bakin ƙofa ki duba, ki zauna a kujera ki sake dubawa, sannan ki ɗauki hoto da waya. Hoto yana tona cunkoson da ido ya riga ya saba da shi. Kusan kullum abin da zai nuna miki shi ne ki cire abu ɗaya ko biyu.

Busasshen lemo da ƙamshi

Wannan aikin yara ne, kuma yana cinye yammacin hutu guda. A yanka lemon zaƙi fale-fale, kaurin kamar milimita 5, a tsane ruwansa da tawul ɗin takarda, a jera a kan raga a sa a oben mai zafin digiri 90 zuwa 100 a ma'aunin Selsiyos. Awa uku zuwa huɗu yake ɗauka, ana juyawa duk bayan rabin awa ko awa. Idan ya daina danƙo ya yi. Wanda bai bushe sosai ba zai yi fumfuna. A huda kowane a zura waya a maƙala a ganye, inda fitila za ta hasko ta bayansa. Sandunan kirfa a ɗaure su uku-uku da zare. Ɗanyen lemo kuma a tsattsoka masa kanumfari, a ɗora a ƙaramin faranti, ba a kan mabul kai tsaye ba.

Kaskon turaren wuta zai iya zama a kantar don ado, amma kada a sa masa garwashi a tsakiyar ganye. A sauko da shi daɓen gaban murhu a yi turaren a can, a ɗan buɗe taga, in ba haka ba ƙararrawar hayaƙi ta tara miki maƙwabta.

Safa da katuna

Al'adar rataya safa tana komawa ne ga hikayar Nikolas, wani bishop na garin Mira da ke ƙasar Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4. Ana cewa ya ji labarin wani talaka mai 'ya'ya mata uku da ya rasa abin aurar da su, sai ya jefa musu zinariya da dare, ta faɗa cikin safar da aka shanya a bakin murhu. Idan gidanku na yi, ki rataya su a ƙugiyoyi masu gam a can gefe, kuma duk ranar da za a hura wuta a sauke su tukuna. Akwai wasu maratayan safa na ƙarfe masu nauyi da ake ajiyewa a bakin kanta ba tare da an ɗaure ba. Gidan da ke da mai rarrafe ko mai koyon tafiya ya guje su, yaro yana jan safar ƙarfen zai biyo ta zuwa kansa. Kyauta mai nauyi kuma a ajiye ta ƙasa, safa ta ɗauki alewa.

Katunan gaisuwa, waɗanda aka fara bugawa don sayarwa a Landan a 1843 bisa odar Henry Cole, har yau maƙwabta da 'yan ajin yara suna turo su da yawa. Takarda ce, iskar buɗe ƙofa tana kaɗo ta. Ki zura su a zare ki rataya a wani bangon.

Yara da abin da suke kaiwa baki

Ganyen holi mai ƙaya da jajayen 'ya'ya, da kaucin Turai mai fararen 'ya'ya, duka ana sayar da su a wannan lokaci, kuma 'ya'yansu guba ne ga yara da kyanwa. Suna kuma zubowa ƙasa idan sun bushe. Ki sayi na roba ko ki tsige 'ya'yan. Wanda ya fi su haɗari shi ne ƙaramin batir mai kama da kwabo da ke cikin ƙananan kyandirori na lantarki. Idan yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa biyu, kuma asibiti ake nufa nan take, ba a jira a gani. Ki sayi waɗanda murfin batir ɗinsu ke ɗaure da noti.

Ƙasan murhun

Idan a toshe yake, ramin nan wuri ne na kyauta: ki jera guntayen itace ki ratsa fitilu a tsakaninsu, ko ki sa fitilun ƙarfe uku masu tsayi daban-daban. Idan ana hurawa, a bar daɓen fili, a sa ragar tare tartsatsi, kwandon itace ya koma gefe, kada ya jingina da ƙarfen. Itacen ma ya zama busasshe. A Ingila tun Mayun 2021 aka hana sayar da ɗanyen itace a ƙananan ɗauri, wanda aka yarda da shi yana ɗauke da tambarin Ready to Burn, danshinsa bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba. Ɗanyen itace ya fi hayaƙi, cikin kwana kaɗan zai baƙanta miki ganye da madubi.

Kulawa da saukewa

Ɗanyen ganye yana kai mako biyu zuwa uku a ɗaki mai ɗumi, kusa da wuta kuwa bai kai haka ba. Don haka idan ranar 25 ga Disamba kike hari, kada ki haɗa shi kafin wajen 10 ga wata. Ki riƙa fesa masa ruwa kaɗan duk bayan kwana ɗaya ko biyu, da safe, fitilu a kashe. Ki riƙa lanƙwasa ɗan reshe kina gani: idan ya karye ƙas, ko ganyen ya zubo a tafin hannunki, ya zama makamashi, a sauke shi ko da biki bai wuce ba.

A al'adar Ingila ana sauke kayan ado ne a daren sha biyu bayan Kirsimeti, wato 5 ko 6 ga Janairu. Ki fara da ƙananan kaya, sai fitilu, sai ganye. Ki ciro batir daga komai, don idan suka shekara a ciki sukan zubo su cinye ƙarfen. Fitilun ki naɗe su a jikin guntun kwali. Maƙalan kuma ba a fizgar su: ki riƙe ƙugiyar da hannu ɗaya, ki ja harshen gam ɗin a hankali yana bin jikin kantar har ya saki, fenti ba zai biyo shi ba.

Busasshen ganyen kada ki tura shi cikin murhu, haka ma takardun naɗe kyauta. Ƙaron da ke jikinsa yana kamawa da ƙarfi lokaci guda, harshen wutar ya haura bututu ya tarar da baƙin da ya taru a ciki. Ki warware wayar, ki zuba ganyen a kwandon sharar lambu, ko ki haɗa shi da bishiyoyin da yawancin ƙananan hukumomi ke kwashewa a makonnin farko na Janairu. Ranar kwashewar tana shafin intanet na hukumar unguwarku.